Tatsuniya da Rana Tsaka

Haisam ya tsallake gadar Umdurman da ƙafa, makonni kaɗan bayan fara yaƙi, don ya je ya karɓo ƙarshen wata tatsuniya. Mutanen da yake gamuwa da su a kan gadar suna ɗauke da katifu da tukwane, wani ma ya goyo mahaifinsa. Shi kuwa waya ce kawai a aljihunsa, wadda ya zaɓo mai fasasshen gilashi don kada kowa ya yi sha'awarta. Gyaran waya ne sana'arsa a wata kasuwar Umdurman da ake kira kasuwar Libya, ya san irin wadda ake ƙwacewa. Masu bindiga suka tare shi a bakin gada, suka jujjuya wayar suka mayar masa da ƙyama, sannan suka tsinci wani ɗan tsuntsu na takarda a ɗaya aljihun. Ɗayansu ya tambaya ko laya ce. Haisam ya ce a'a, haka ake ninke takarda a Japan. Mutumin ya yi masa irin kallon da ake yi wa wanda rana ta taɓa wa kai, ya ce ya wuce.

Kallon ba baƙo ba ne a wurinsa. Shekarunsa sun haura talatin, ba mata, ba gida, sai ɗaki ɗaya na haya da ya cika da kayan wata ƙasa wadda ba ta san da zamansa ba. Akwai takobin katako da ya sa kafinta ya feƙe masa. Akwai darbejiya a gwangwani, yana datse ta kullum don ta zama tsohuwar bishiya mai tsawon kamu ɗaya, ita kuwa ta ƙi, ko dai ta yi tsawo ko ta bushe. Akwai kofin shayi da ya fashe, ya liƙe shi da gam ya bi tsagin da fenti ruwan zinariya, domin ya karanta cewa a can haka ake girmama abin da ya karye. A Khartum abin da ya karye ya fi ƙarfin fenti. Ya yi shekaru yana zuwa ajin yamma na koyon harshen Japan, har ya iya ba da haƙuri kala-kala. Hausar kakarsa kuwa yana ji, yana mayarwa, in zance ya yi nisa sai ya zame cikin Larabci. Rubuta ta bai taɓa yi ba, bai kuma san wanda ya taɓa yi ba a danginsu.

Kakar tasa, Iya, tana unguwar Alshajara ta Khartum, a gidan ɗanta Salih, ƙanin mahaifin Haisam. A tsakar gidan nan Haisam ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa. Kakannin Iya sun taso daga yamma da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a gonakin audugar Jazira, suka tsaya su yi aikin damina ɗaya. Jikokinsu ne yanzu suke walda da sayar da shayi a Khartum. Abin da ya rage na waccan tafiya shi ne harshe, sai tatsuniyoyin Iya.

Akwai wata doguwa da take yi wa yara kashi-kashi, dare bayan dare. Labarin Hajo ne, wadda yayanta ya bi hanya bai dawo ba, ta tafi wurin wani masaƙi mai saƙa hanyoyin duniya. Masaƙin ya ce zai saƙa mata hanya har inda yayan yake, amma zaren daga zanenta zai fito. Haka Hajo ta yi ta tafiya, hanya tana tsawo a gabanta, zane yana raguwa a jikinta. Ta wuce garin da ake aron inuwa, ta wuce kasuwar da ake sayar da barci a ƙoƙo. Ta iso tsakiyar wani babban kogi, tana hangen yayanta a ɗaya gaɓar, sai zare ya ƙare.

A daren da ya kamata a ji abin da ta yi, maƙwabcinsu ya sayo talabijin. Haisam ne ya fara tsallake katanga, sauran yaran suka bi shi. Abin da ya gani a akwatin ya ɗauke masa numfashi: yara masu manyan idanu da takubba, furanni suna zuba kamar yayyafi, kowa yana magana da Larabci mai tsafta irin na huɗuba. Sai da ya girma ya san daga Japan suka fito. Iya ta zauna ita kaɗai a kan tabarma, ta jira, sannan ta naɗe tabarmar. Ba ta sake ɗauko labarin Hajo ba, ba wanda kuma ya tambaya.

Labarin ne ya biyo shi daga baya. Da ya ƙudura zai zama marubucin labaran al'ajabi, sai ya ɗauki Hajo ya kai ta wasu tsibirai masu duwatsu da hazo, ya ba ta takobi, ya ba ta malami mai farin gemu wanda ba ya amsa tambaya sai da wata tambayar. Ya tara shafuka masu yawa da Larabci a kwamfutarsa. Duk wanda ya karanta a ajinsu yakan ce akwai wani abu a ciki da bai taɓa gani ba, kuma kullum abin da suke nunawa na Iya ne: masaƙin, da zanen, da kasuwar barci. Takobin ba wanda ya taɓa ambata. Littafin kuma ya tsaya cak a tsakiyar kogi. Ya gwada kashe Hajo a ƙarƙashin furanni masu zuba. Ya gwada aiko mata da dodon ruwa ya goya ta. Ya gwada sa ta farka daga mafarki, ya ji kunyar kansa ya goge.

Ya taɓa tambayar Iya wata Juma'a bayan cin abinci, ta ce ya dawo da dare, domin wanda ya yi tatsuniya da rana hanya ɓace masa take yi. Dare kuwa na ajin Japan ne, da wahalar mota, da wani girman kai da ke gaya masa marubuci na gaske shi yake nemo ƙarshen labarinsa. Ya ɗauka Iya tana nan, kamar yadda kogin Nilu yake nan.

Jiya, da waya ta ɗan kama, Salih ya gaya masa ya samu kujeru a bas mai zuwa Jazira, za a tashi yau bayan la'asar. Shi ma Haisam gobe zai bi 'yan ajinsu arewa, zuwa iyakar Masar. Iya ta haura tamanin. Babu sauran dare a tsakaninsu.

Ya isa Alshajara hantsi ya yi nisa, rabi a ƙafa, rabi a keken jaki. Tsakar gida cike da ƙullin kaya, Salih ya danne ɗaya da gwiwa yana jan igiya.

"Kai ne ka tsallako gada a wannan hali?" in ji Salih. "Ban kwana ka zo ko cin abinci? Na biyun dai babu."

"Ban kwana, Baffa."

"To shiga wurin matarka. Tun safe take tambaya ko ka gudu Yaban ka bar ta." Yaban, haka suke kiran Japan da bakin Larabawa.

Iya tana kwance a kan gadon igiya. Yanar ido ta rufe mata gani tun shekarun baya, haske da duhu kawai take bambancewa. Ta ɗaga hanci.

"Wa nake jin ƙanshin turarensa? A'a, zufa ce. To maigida ne."

"Ni ne, amarya."

"Amarya a ina? Ba cefane, ba tufafi. An ce ka samu wata mai cin shinkafa da tsinke."

"Ba ta kai ki ba."

"Ai na sani. Matso in ji ko ka rame."

Ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame. Ta tambayi hanya, ta tambayi gada, ta tambayi ko gaske ne an bar gawawwaki a titi ba sutura. Ya ce bai gani ba, alhali ya gani. Da ya ga gaisuwa za ta cinye masa lokaci sai ya katse.

"Iya, Hajo fa?"

"Wace Hajo?"

"Ta tsakiyar kogi."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Yau ka tuna da ita? 'Yar mutane tana tsaye cikin ruwa tun kana fitsarin kwance."

"Ki ƙarasa mini. A taƙaice ma ya isa. Me ta yi?"

"Wane lokaci ne yanzu?"

"Hantsi."

"To ka ba kanka amsa. Da rana, kuma ranar tafiya? Ƙanin uwata ya yi wa yara tatsuniya a inuwar gona a Jazira don su daina kuka. Ya tashi ya kai auduga ma'auni, har yau yana tafiya."

"Camfi ne, Iya. Ba ya cikin littafin addini."

"Na san ba ya ciki. Lantarki ma ba ya ciki, sa yatsa ka gani. Ka biyo mu Jazira, in yi maka har ka roƙe ni in yi shiru."

"Gobe zan yi arewa."

"To Allah ya kai ka lafiya. Hajo ta saba da jira."

Ta juya fuska bango. Ba a jima ba numfashinta ya daidaita. Tun fara yaƙi ba ta samun barci sai a guntaye, duk lokacin da bindigogi suka huta.

Haisam ya san wata tsohuwar al'adar Japan. A taru a ɗaki da fitilu masu yawa, ana ba da labaran aljanu, duk labari ɗaya a kashe fitila ɗaya, kuma ba a yarda a kai ta ƙarshe don tsoron abin da zai shigo. Ya taɓa yi wa 'yan ajinsu bayaninta har muryarsa ta yi rawa saboda zurfinta. Dokar kakarsa kuwa camfi ce. Bambancin nisa ne kawai. Abu in yana bayan teku sai ya zama hikima.

Gidan ya watse kaɗan-kaɗan. Salih ya fita ya tabbatar direba bai sayar da kujerunsu ga wani ba. Matarsa ta ja ƙananan yara zuwa sallama da maƙwabtan da suka rage. Mayada, babbar 'yar Salih, wadda ita ke kula da Iya, ta leƙo da jarkoki a hannu.

"Zan je layin ruwa, na guzurin hanya. In ta farka za ta tambaye ka lokaci, ka ce mata azahar ba ta yi ba tukuna."

"Ba ta jin kiran salla?"

"Wane kira? Babu wuta, ladan kuma ya kwashe iyalinsa. Ni ce ladan yanzu. Abin da na faɗa shi take bi."

Ta fita. Haisam ya zauna yana kallon taga. Ba zai ce shaiɗan ya zo masa da wata babbar murya ba. Tunanin ya zo ne a natse, kamar yadda yake gane laifin waya tun kafin ya buɗe ta.

Ya fita tsakar gida ya kwance ƙullin da Salih ya sha wahalar ɗaurewa, ya zaro barguna. Ya rataya ɗaya a taga, ya ninka. Ya rataya biyu a ƙofa. Ya hau kujera ya toshe ramukan da ke tsakanin bango da kwano da tsummoki da kallabin matar Salih. Mutum ne mai hannun aikin ƙanana, bai bar tsaga ko ɗaya ba. Da ya gama, bai iya ganin tafin hannunsa.

Wani abu ya fashe can wajen barikin soja, ƙasa ta girgiza, Iya ta farka.

"Mayada?"

"Ni ne, Iya."

"Kana nan? Kai, duhu. Wane lokaci ne?"

"An yi isha'i."

Ta yunƙura ta zauna. "Isha'i? Motar fa?"

"An ɗaga sai gobe. Direba bai samu mai ba."

"Shi ne kuka bar ni ina ta barci kamar gawa, azahar ta wuce, la'asar ta wuce? Ina Mayada?"

"Sun shiga maƙwabta, an yi musu rasuwa."

Ƙarya ba ta yi masa wuya ba, sana'ar da yake nema ce. Iya ta yi salati ga mamacin da babu shi, ta ce daren nan da zafi kamar rana, ya ce haka wannan watan yake. Ta ce ya kawo buta. Ya lalubo buta da kwano, ya zuba mata ruwa tana alwala. Ta fuskanci inda ta saba fuskanta, ta yi azahar wadda lokacinta bai shiga ba, a zaune. Ta yi la'asar. Ta yi magariba, ta ɗaga murya a karatu kamar yadda ake yi a sallar dare. Ta yi isha'i. Yana zaune a gefenta da buta a hannu, zufa tana bin bayansa, kuma a kowace sallama yana da damar ya buɗe baki. Da ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta ambaci matattunta ɗaya bayan ɗaya, ta ambaci Salih da yara, sannan ta roƙa wa Haisam hanya mai sauƙi zuwa arewa, da mace ta gari ko da mai cin shinkafa da tsinke ce.

"To," in ji ta, tana gyara zama. "Allah ya ba ka darenka, ɗan naci. Matso. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," in ji shi. Yatsansa ya danna wayar a cikin aljihu, ta fara ɗaukar murya.

Ba ta taƙaita ba. Ta koma tun daga ƙofar gidan su Hajo, domin a wurinta ba a kama labari daga tsakiya. Muryarta ta canza, ta yi ƙarfi, ta zama muryar da ya sani yana yaro. Ta yi muryar masaƙi, ta yi ta mai sayar da barci yana ciniki, ta rera 'yar waƙar da Hajo ke yi duk lokacin da zanenta ya ragu. Akwai abubuwan da ya manta sarai, akwai waɗanda ya ɗauka shi ya ƙirƙiro su ashe nata ne. Yana ji yana lissafin yadda layin ruwa yake tsawo.

"Sai ga ta a tsakiyar kogi," in ji Iya. "Ruwa nan, ruwa nan. Masaƙi ya ce, yarinya, zare ya ƙare. Ta ce, akwai. Ya ce, ina? Ta juya ta nuna bayanta. Ai hanyar da ta taka tun daga ƙofar uwarta duk zarenta ne. Masaƙi ya ce, kin san abin da kike faɗa? Ta ce, ga yayana can ina kallonsa. Ta sunkuya ta kama bakin zare ta ja. Uwarta na zaune a ƙofar gida tana tsinkayar hanya, sai ta ga hanya ta ɗaga kai kamar maciji ta shige daji, ciyawa ta rufe wurin. Hajo tana ja, masaƙi yana saƙawa, tana ja, yana saƙawa, har ta taka gaɓa. Yayan ya ce, kin zo? Ta ce, na zo, tashi mu koma. Suka juya. Ruwa kawai."

"Sai kuma me?"

"Sai suka zauna. Me za su yi? Suka kafa bukka a bakin kogi. Shi ya auri 'yar garin, ita ta auri ɗan garin, suka haifi 'ya'ya masu harshe biyu, ɗaya na kasuwa, ɗaya na cikin ɗaki. Kakata ta ce mu ne."

"Uwar fa?"

"Uwar tana ƙofa."

Shekarun da Haisam ya yi yana neman dodanni da furanni, ashe abin yana bayan yarinyar.

"Wane ɗan banza ne ya kwance mini kaya?" Muryar Salih ce daga tsakar gida. Takunsa ya matso, hannu ya kama bargunan ƙofa ya fizge.

Rana ta faɗo cikin ɗakin, ta sauka a kan gado. Iya ba ta ga ɗanta ba, ba ta ga jikanta ba, amma ta ga rana. Ta ɗaga hannu ta kare fuska, sannan ta sauke shi a hankali.

"Salih, wane lokaci ne?"

"Azahar ke nan ta shiga. Direba ya ce mu fito da wuri, ba zai jira la'asar ba. Me ake yi a nan cikin duhu kamar kabari?"

"Azahar," in ji Iya.

Mayada ta iso ƙofa da jarka, ta dubi tsummokin da ke rufin ɗaki, ta dubi buta, ta dubi Haisam. Ita ta fara ganewa.

"Na yi magariba," Iya ta ce, kamar mai gaya wa kanta. "Na yi isha'i. Na yi masa Hajo tun daga farko."

"Iya, laifina ne," in ji Haisam. "Ni na yi ƙarya. Ke ba ki sani ba, ba abin da zai hau kanki."

"Sallar tsakanina da Ubangijina ce, ya san wanda ya riƙe mini buta. Tatsuniyar kuwa bakina ne ya faɗa." Ta lalubo gefen gado ta riƙe. "Salih, ku tafi. Ni ba zan shiga motar nan ba."

Salih ya yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. Ya ce ta bar wasa. Ya ce malamai sun hana irin wannan tunani, kuma ita ta fi shi sani. Ya ce unguwar nan a bakin bariki take, kowace rana abin yana matsowa, gidan Abdallah mai walda ya zama rami shekaranjiya. Ya durƙusa ya yi mata da Hausa, ya tashi ya yi da Larabci. Mayada ta ce za su yi sadaka, za su yi addu'ar tafiya, za ta riƙe hannunta har Jazira.

"Da ni kaɗai ce, da na shiga," in ji Iya. "In na ɓata, me aka rasa? Amma akwai yara a motar. Akwai 'ya'yan mutane da ba su ji ba ba su gani ba. Hanyar nan ko ba komai cike take da masu bindiga, sai kuma in ɗora mata nawa?"

"To zan ɗauke ki, ko kina so ko ba kya so."

Salih ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta. Ba ta da nauyi, yaro ma zai iya ɗaga ta. Ba ta yi kokawa ba, ba ta ɗaga murya ba.

"In ka fitar da ni daga ƙofar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Salih ya janye hannunsa. Mutum ne mai furfura a gemu, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana kallon hannayen nan kamar ba nasa ba. A waje matarsa tana kira, ƙaramin yaro yana kuka, wani daga bakin titi yana ihu cewa bas yana cika. Ya dubi Mayada, budurwa a garin da ba ya barin budurwa lafiya. Lissafin bai ɗauke shi lokaci ba, abin da ya ɗauke shi lokaci shi ne yarda da amsar.

Ya juya wurin Haisam. Haisam ya yi tsammanin mari, har ya so a mare shi.

"Me za ka yi da ita?" Salih ya tambaya. "Tatsuniyar. Ina tambaya ne don in sani."

"Littafi nake rubutawa, Baffa."

"Littafi." Ya gyaɗa kai. "To ga ta nan, ka zauna da ita. Akwai garin dawa a buhu, akwai wake. Maganinta yana cikin gwangwanin madara, safe da yamma. In na sauke su zan nemi hanyar dawowa."

Dukansu sun san yadda hanyoyi suke a watan nan. Mayada ta ajiye jarka ɗaya a bakin ƙofa, ta durƙusa ta sa fuska a cinyar Iya. Iya ta shafa kanta ta ce ta tashi, kada ta sa a bar su. Aka shigo da yara ɗaya bayan ɗaya ta tofa musu addu'a. Da Mayada za ta fita ta wuce ta gaban Haisam, ta janye gefen mayafinta don kada ya taɓa shi.

Aka kwashe kaya, ban da ƙullin da ya kwance, babu lokacin sake ɗaure shi. Ƙofar gida ta rufu. Ya saurari muryoyinsu har lungu ya haɗiye su.

Ya hau kujera ya cire tsummokin ɗaya bayan ɗaya. Ya ninke barguna. Ya dama kunu ya kawo mata, ta sha rabi ta ajiye. Ya kira ta amarya, ba ta amsa ba. Gobe da safe 'yan ajinsu za su jira shi kaɗan a tashar Umdurman, sannan su ba wani kujerarsa. Kwamfutarsa tana can bayan gada, tare da takobin katako, a ɗakin da makullinsa ba zai hana kowa shiga ba. Ya yi tunanin waɗannan duka, ya tarar ba su dame shi yadda ya kamata ba.

Da rana ta faɗi ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Iya, magariba ta yi."

Ta sauko da ƙafafunta daga gado, ta dafa bango ta miƙe. Ya kai hannu zai taimaka, ta kauce. Ta bi bango da tafin hannu har ƙofa, ta fita tsakar gida, ta ɗaga fuska sama tana juya ta gabas da yamma, tana neman abin da ya rage na haske. Ta lalubi katanga ta ɗora hannu ta daɗe.

"Da sauran zafi," in ji ta, ba da shi take ba.

Ta tsaya nan tana jira. Ya kawo buta, ta ce ya ajiye a ƙasa, za ta zuba da kanta.

Ya koma ya zauna a kan kayan da aka bari. Bindigogi sun fara gaisuwar yamma daga wajen bariki, daga wani wuri kuma ana amsawa. Bai san ko bas ya fita gari ba. Ya yi ƙoƙarin yi musu addu'a, ya fara, sai ya tarar wani abu dabam yana tafiya a kansa. Jimlar farko ce ta babin ƙarshe, da Larabci, tana jera kanta kalma bayan kalma: uwa a ƙofa, hanya tana ɗaga kai. Ya kore ta, ta dawo da ta biyu. Bai taɓa yin jimla mai kyan wannan ba. Ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa, yana jin tsohuwar tana laluben buta a ƙasa, ya ci gaba da gyara ta ukun.